Wane maus mara waya zan saya don buga gem?

Sadiq_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina buga gem ɗin harbi na kwamfuta, Valorant da Counter-Strike 2, da daddare idan na taso daga shago. Maus ɗina irin na ofis ne mai waya, ga nauyi, ga wayar tana maƙalewa a bakin tebur daidai lokacin da zan juya in harba. Wuyan hannuna har tsami yake yi. Ina son mara waya, mara nauyi, wanda zan iya canza wa maɓallan gefe aiki. Hannuna ƙarami ne, da kan yatsu nake riƙewa, tafina ba ya taɓa bayansa. Raina ya biya da Logitech G Pro X Superlight, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Kuma wuta a unguwarmu sai a hankali.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Superlight giram 63 ne, babu abin kushewa a jikinsa, amma caji ake yi masa. Tunda ka yi maganar wuta, ni mai batir zan nuna maka. Logitech G305 nake riƙe da shi. Batir AA guda ɗaya yake ci, kamfanin ya ce yana kai awa 250, idan ya mutu mai shagon bakin layi ma yana da shi. Maɓallai shida ne, duk za ka iya ba su aikin da kake so a G HUB, manhajar kamfanin Logitech, kuma yana adana saitin a cikinsa, ko a kwamfutar wani ka jona ba ya mantawa.

Inda yake da rauni nauyi ne, giram 99 da batir, kuma nauyin a baya ya taru. Mai riƙo da yatsu irinka zai ji shi. Na sa masa ƙaramin batir AAA da ɗan kwanson da ke mayar da shi girman AA, nauyin ya ragu sosai. In aljihu zai ɗan ƙara, duba Razer Orochi V2: wajen giram 60 ne ba batir, gajere ne daidai ƙaramin hannu, kuma yana karɓar AA ko AAA ba tare da wata dabara ba. Sai dai Orochi yana haɗuwa ta Bluetooth ma, kada ka buga gem ta nan, yana jinkiri. Yi amfani da ɗan risiban USB da ke zuwa tare da maus ɗin, wanda ake jonawa a kwamfuta, shi ne ke aika motsi sau 1000 a daƙiƙa, ka kuma kawo shi kusa da hannunka, kar ka ɓoye shi a bayan kwamfuta.

Ummi_Barnawa:
Don Allah ka guji irin maus ɗin nan mai huji-huji a bayansa. Yayana yana da ɗaya, ba nauyi kam, amma da hunturu ya shigo ƙura ta cika cikinsa, kana hango ta ja a kan allon ciki. Da tsinken auduga yake bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ba garin maus mai huji ba ne.

Sadiq_Kawo:
Na gode Malam, na gode Anti Ummi. Wani mai shago a cikin gari ya nuna min G304 da araha sosai. Ɗaya ne da G305?

Malam Injiniya:
Ɗaya ne, G304 sunan da ake sayar da shi a ƙasashen Asiya ne. Amma arahar nan ta dame ni, domin jabunsa ya cika kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya. Ka sauke G HUB tun a gida, ka tafi da laftof ɗinka shagon. Jona shi a gaban mai kayan. In manhajar ta nuna sunansa da yawan batirinsa, ta kuma bar ka ka canza DPI, wato saurin tafiyar kibiyar maus a allo, na gaske ne. In ba ta gan shi ba, ko mai shagon ya hana ka gwadawa, mayar da kuɗinka aljihu.