Na gama sakandare, zaman gida ya fara isata

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na gama WAEC a watan Yuni, NECO a Yuli. Na so in yi hutun a Kaduna wajen yayata, sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, tafiya ta fasa. Ga ni a gida a Kano. Shekara 6 ƙararrawa ce ke tsara min yini, yanzu in na yi Asuba, na share tsakar gida, na wanke kwanuka, kafin ƙarfe 9 na gama komai. Sai in zauna ina kallon ruwa na zuba daga indararo. Kayan makarantata na nan a rataye, na kasa sauke su. Jiya har kuka na yi, Umma ta tambaye ni dalili na rasa abin faɗa. Ya zan yi?

Wata uwa: Wa alaikumus salam 'yata. Kewa ce, ba wani abu ba. Babbar 'yata ma haka ta yi. Ki faɗa wa Ummanki yadda kika faɗa mana, kada ta ɗauka wani abu kike ɓoyewa. Sannan ki koma Islamiyya da yamma, ko shafi ɗaya ne ki riƙa haddacewa.

Wani malamin sakandare: Kin yi JAMB? In kin yi, akwai aiki a gabanki. WAEC kan saki sakamako a watan Agusta. Yana fitowa ki je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora miki shi, domin ba a ba da gurbi sai da shi. Ki riƙa leƙa CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in an ba ki gurbi sai kin karɓa da kanki. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun yi asarar shekara a kan wannan, abin yana min ciwo. Kada ki ajiye littattafanki, akwai tantancewar jami'a.

Wata tela: Ƙanwata, nemi mai keken ɗinki a unguwarku. Wata 3 ya isa ki iya yanka da ɗinka doguwar riga. Ni a irin wannan zaman na koya, da kuɗin ɗinkin nake sayen takardu a jami'a.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na yi JAMB, BUK na cike, amma ban san da maganar ɗora sakamakon ba. Na yi magana da Umma ɗazu, ta ce gobe za ta raka ni gidan maƙwabciyarmu mai ɗinki.