Na kwafi jeri a Python, amma da na taɓa kwafin sai na asali ya canza

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Don Allah a duba min wannan:

`maki = [40, 55, 70]`
`sabo = maki`
`sabo.append(90)`

Da na buga `maki` sai ga 90 a ciki, alhali `sabo` kaɗai na taɓa. Ina matsalar take?

Mai_Allo:
Wa alaikumus salam. Ai ba ka kwafi komai ba, ɗan'uwa. Alamar `=` ba ta ƙirƙirar sabon jeri, suna na biyu kawai take laƙaba wa wanda yake nan. Jerin ɗaya ne, sunayen ne biyu. Gwada `sabo is maki`, za ka ga `True`, wato abu ɗaya ne.

In kwafi kake so, rubuta `sabo = maki.copy()`. Haka ma `maki[:]` ko `list(maki)`, duk aiki ɗaya suke yi. Na fi son `copy()` don kowa ya gani ya san nufinka, sai dai daga Python 3.3 ta fara.

Gwanin_Lamba:
Gaskiya ne Malam, amma da sauran rina a kaba. Hanyoyin nan uku jerin waje kaɗai suke kwafa. Idan akwai jeri a cikin jeri, na cikin tarayya ake yi a kansu:

`aji = [[40, 55], [70, 80]]`
`sabo = aji.copy()`
`sabo[0][0] = 0`

Yanzu `aji` ya koma `[[0, 55], [70, 80]]`. A jerin mai tambaya hakan ba zai faru ba, domin lamba da rubutu ba a canza su a wurinsu, sai dai a maye gurbinsu. Maganin mai hawa biyu, wato jeri a cikin jeri, shi ne `import copy`, sannan `sabo = copy.deepcopy(aji)`. Ita tana bi har ƙasa, ta kwafi kowane jerin ciki.

Mai_Allo:
Madalla. Sai dai `deepcopy` tana da nauyi, kada a sa ta cikin madauki mai juyawa sau dubbai. In hawa biyu ne kawai, `[layi[:] for layi in aji]` ya fi sauri.

A kuma kiyayi `[[0] * 3] * 3` wajen ƙirƙirar jeri mai layi uku a cikinsa. Layi ɗaya ne aka nuna sau uku, kana canza guda duka ukun su canza. Rubuta `[[0] * 3 for _ in range(3)]`.