Raba layin rubutu da waƙafi: me ya sa Python da Java suke ba ni adadi daban?

Tambaya:

Jama'a, barkanku da aiki. Ina da fayil na CSV (tsarin rubutu da ake raba gurabensa da waƙafi) wanda kowane layinsa yake da gurbi huɗu, wato lamba, suna, shekara da bayani, kuma sau da yawa gurbin bayanin babu komai a cikinsa. Ga layin da ya tsaya mini a rai:

17,"Lissafi, kashi na biyu",2019,

Da na raba shi da split(",") a Python, sai na samu guda biyar, amma da na mayar da shirin zuwa Java, sai ya ba ni huɗu daidai. Shin in ɗauka Java ce ta yi daidai, in ci gaba da ita?

Amsa ta farko:

Malam, kada adadin ya ruɗe ka, domin dukansu biyun ba su ba ka abin da kake nema ba. Ita split ba ta san ma'anar alamar zance ba. Duk inda ta ga waƙafi, yankawa take yi, saboda haka ta raba sunan gida biyu a harsunan biyu. Python ta bar maka gurbin ƙarshe da babu komai, shi ya sa ka ga biyar. Java kuwa, idan ba ka ƙara wa split wata lamba bayan waƙafin ba, tana zubar da duk guraben banza da suke ƙarshen layi, sai kuskure ɗaya ya rufe wani. Buga abin da ke gurbi na uku ka duba: maimakon 2019, za ka tarar da rabin sunan tare da alamar zance a wutsiyarsa. A ganina wannan ya fi haɗari, tun da shirin zai ci gaba da aiki shiru yana ajiye suna a mazaunin shekara. Idan ka rubuta split(",", -1), Java ma za ta nuna maka biyar ɗin.

Amsa ta biyu:

Na yarda da bayanin ɗan'uwa, sai dai zan ƙara da cewa gyaran ba ya cikin split ko kaɗan. Takardar RFC 4180 ta shekarar 2005, wadda ta fayyace tsarin CSV, ta bayyana cewa gurbin da aka kewaye da alamar zance yana iya ɗaukar waƙafi, har ma da sabon layi, kuma idan alamar zancen kanta ce a ciki, sai a rubuta ta sau biyu. Ke nan karanta fayil layi-layi ma ba shi da tabbas. A Python ka yi amfani da csv.reader, wato kayan karanta CSV wanda yake zuwa tare da harshen; a Java akwai Apache Commons CSV da OpenCSV.

Amsa ta uku:

Wani abu kuma da za ka kiyaye a Java shi ne, abin da kake ba split ana karanta shi ne a matsayin regex, wato tsarin neman rubutu wanda wasu alamomi suke da ma'ana ta musamman a cikinsa. Waƙafi ba ya kawo matsala, amma ranar da na raba da aya, wato split("."), jeri marar komai na samu, domin aya a regex tana nufin kowane harafi. Sai da na rubuta split("\\.") kafin ya yi aiki.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na buga gurbi na ukun, kuma rabin sunan na gani kamar yadda aka faɗa. Na koma csv.reader, yanzu layin yana fitowa gurbi huɗu, na ƙarshen babu komai.