Mai dukan matarsa da mai harbin jama'a: ina alaƙarsu?

Mai Nazari: Salamu alaikum. Ranar 5 ga Nuwamba 2017 Devin Kelley ya shiga cocin garin Sutherland Springs a jihar Texas ta Amurka ya kashe mutum 26. Bayan nan aka gano rikicin iyali ne tushen abin. Masana, wace alama ce ke nuna cewa duka ya wuce "faɗan miji da mata" ya doshi kisa? Kuma a ina aka yi sake?

Uwar Gayya: Wa alaikumus salam. Alamun sun bayyana tun 2012. A shekarar kotun soja ta ɗaure shi wata 12 saboda dukan matarsa ta farko, da fasa ƙoƙon kan agolansa. Cikin abin da ya yi mata har da shaƙe wuya, kuma nan nake so mu tsaya. Binciken Nancy Glass da abokan aikinta na 2008 ya nuna matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Matsalar ita ce shaƙa sau da yawa ba ta barin tabo, sai 'yan sanda da dangi su ce ai ba a ji mata ciwo ba. Ku lura da dishewar murya, wahalar haɗiye yawu, jajayen ɗigo a farin ido, ko ta ce ta suma ko fitsari ya kuɓuce mata. Mai irin wannan a kai ta asibiti ranar, a faɗa wa likita kalmar "shaƙewa" ƙarara, don jijiyar wuya na iya tsagewa daga ciki, shanyewar jiki ta biyo bayan kwanaki.

Ɗan Lauya: Yaya ta gama magana kan jiki, bari in taɓa doka. Tun 1996 dokar Amurka ta hana wanda aka samu da laifin dukan iyali mallakar bindiga. Amma shagon bindiga yana dogara ne da rumbun bayanan FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, rundunar sojan sama kuwa, inda Kelley ya yi aiki, ba ta tura hukuncinsa can ba. Ya sayi bindigogi sunansa fes. A 2021 alƙali ya ɗora wa gwamnati kashi 60 cikin 100 na alhakin.

Uwar Gayya: Haka ne, ƙanena. Ƙari a kai: binciken Jacquelyn Campbell na 2003 ya nuna idan mai dukan yana da bindiga a hannu, haɗarin kisa ya ninka kusan sau biyar. Ita ce ta tsara ma'aunin haɗari mai tambayoyi 20. Ana tambayar ko ya taɓa cewa zai kashe ta ko ya kashe kansa, ko yana bibiyarta, ko kishinsa ya zama tsaro, ko dukan na ƙaruwa, ko ta bar shi kwanan nan. Lokacin rabuwa shi ne mafi hatsari. Kuma ba ita kaɗai ke cikin haɗari ba: Kelley ya riƙa aika wa surukarsa, uwar matarsa ta biyu, saƙonnin barazana, cocin da ya kai wa hari kuwa nan take ibada. Ranar ba ta je ba, amma kakar matarsa na cikin mamatan.

Malam Natsuwa: Abin da ke ɓata lamari shi ne gaggawar sulhu. Wanda ya shaƙe matarsa ko ya nuna mata makami, kada a zaunar da shi da ita ɗaki ɗaya a ce "ki yi haƙuri ki koma". Kada ta sanar da shi ranar tafiya. Ta ajiye katin shaida, takardun yara, magani da ɗan kuɗi wurin amintacce, ta adana hoton kowane saƙon barazana da kwanan watansa a wayar da ba ya taɓawa. Gidan iyayenta shi ne wurin farko da zai nufa, don haka a sanar da su, a kuma samo masauki na biyu da bai sani ba. Idan za a nemi umarnin kotu na hana shi kusantarta, a ambaci makamin a cikin takardar, a kuma san ranar da za a miƙa masa ita, don ranar kada ta kwana inda ya sani.