Yumɓu da zare a aiki ɗaya: wa ya san yadda matan Meksiko ke yi?

Maman Hanifa, Pantami:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata 'yar Tangale ce daga Billiri, mahaifina Bafulatanin Gombe. Ginin tukunya a hannun kakata ta wajen uwa na koya, saƙa kuma wajen gwaggona. Tun da na haifi 'yata ta biyu nake son yin wani aiki da zai haɗa min gidajen nan biyu. Kwanan nan na ga hotunan ayyukan wasu mata 'yan asalin Meksiko da suka tashi a Amurka, suna gina yumɓu su ɗinke shi da zare, wai labarin haihuwa da na iyayensu mata suke bayarwa. Me ya sa suka zaɓi waɗannan biyun? Sannan yaya zaren ba ya ƙonewa wajen gashi?

Malam na Yelwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Su ma gadonsu biyu ne tun kafin a zo batun Amurka. Sifaniyawa sun ci babban birnin daular Aztek ta Meksiko a 1521, sana'o'in ɓangarorin biyu suka gauraya. Tangaran ɗin Talavera na garin Puebla misali ne: ƙasar ta Meksiko ce, dabarar farin ƙyallin kuwa daga Sifen ta zo, su ma daga Musulmin Andalus suka gada. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2019.

Zaren kuma, nemi hoton rebozo. Dogon mayafi ne da ake rina zarensa kafin a saƙa, da shi suke goyo, da shi ungozoma ke ɗaure ƙugun mai jego. Har kwana 40 na jego suna kiyayewa, wasu yankunan da wankan surace. In mace ta ratsa zaren rebozon kakarta a jikin tukunya, duk ɗan ƙasar ya san zancen da take yi.

Goggon Yara, Kumo:
'Yata, ba a gasa zare. Ki huda ramukan tun tukunyar na da ɗan danshi, ki ɗan faɗaɗa su don yumɓu na tsukewa in ya bushe. Sai an gasa ta huce sannan ki ɗinka. Kada ramin ya matsi baki, a nan ne take tsagewa.

Kuma ni ban ga dalilin kwaikwayon adonsu ba. Ina majanyin da aka goya ki da shi? Ina tukunyar da aka dafa miki ruwan wankan jego? Ladi Kwali da ke jikin naira 20 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, ta koyi ƙyallin Turawa, amma ƙadangarun Gwari ta ci gaba da zanawa.

Abu Sumayya:
A dai yi hattara da siffar mutum, don da yawan ayyukansu mutum-mutumin mace mai ciki ne. Tulu da randa sun wadatar.

Maman Hanifa, Pantami:
Na gode ƙwarai. Abu Sumayya, dama tulu nake nufi. Goggo, majanyin na nan a akwatin Inna, sai dai ban san ko za ta yarda a warware shi ba. Ranar Asabar zan shiga Billiri in tambaye ta, in ɗebo yumɓu daga can.