Tsohuwar Massey: ta gazwal ko ta esans? A taimaka mini da shawara

Isuhu Galmi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara kafin in saki kuɗi. Tarakta biyu aka nuna mini, duka Massey Ferguson 135. Ɗaya tana Konni, ta gazwal ce, wato dizal, ta sha aiki, mai ita ya ce sefa miliyan 4 da rabi. Ɗayar tana nan Tawa, ta esans ce, wato fetur, daga Amurka ta shigo cikin kwantena, fentinta tas, an ce miliyan 3. Aikina kaftun fadamar albasa ne da jan rimok, wato tirela, zuwa bakin titi lokacin cira, in da hali kuma in yi wa mutane kaftu su biya. Wacce zan ɗauka, kuma kuɗin ya yi daidai?

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. Ɗana, bar ta esans ɗin ga. Tun da anka fara kawo tarakta ƙasar ga, masu aikin haya da gazwal munka san su. Ranar da za ka saida ta, wa za shi saye?

Sani Madawa: Baba Alhaji, a yi mini afuwa, bari mu buga lissafi tukuna. A nan Nijar gazwal ya fi esans tsada. Da gwamnati ta sauke farashi a 2024, litar esans ta koma sefa 499, ta gazwal 618. Gaskiya ne injin gazwal ya fi tsimin mai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake ragewa a aiki iri ɗaya. To in ta esans ta sha lita 10, sefa 4,990 ke nan. Ta gazwal ta sha 7 da rabi, 4,635. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Miliyan ɗaya da rabi na tsakaninsu ba a gidan mai za a fanshe shi ba.

Hajiya Ramatu: Sani, lissafinka na takarda ne. Ni da ke da tarakta a hannun direba, ga abin da ba ka sa ba: esans yana da ƙafa. Kowane ƙauye akwai babura da ƙananan injinan ban ruwa, duka shi suke sha. Ka cika tanki da yamma, da safe a ce maka rana ce ta shanye. Gazwal ma ana zuƙa, amma masu sayensa a ƙauye ba su kai haka yawa ba.

Lawali Makanike: Malam Isuhu, kafin maganar mai, ka san shekarun abin da za ka saya. An fara ƙera 135 a 1964, aka daina a Amurka a 1975, a Ingila kuma a 1979, wato wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara arba'in. Fenti ba ya gaya maka komai, agogon awoyi ma haka, ana canza shi ko ya mutu tun tuni. Dubi ƙarfen da ake takawa na birki da na ambireyaj, wato kuloci, yadda ya side, shi ne shaidar aikin da ta yi.

Ta gazwal injin Perkins ne mai silinda 3, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 45. Kayansa ba su da wuya: fistan, zobba, mital, gasket, in babu a Konni ko Maraɗi, akwai a Sakkwato da Kano. Ta esans da ta fito Amurka, ko dai Continental ce mai silinda 4 ko Perkins na esans mai silinda 3. In Continental ce, ranar da kabireta ko distiribita ya mutu za ka zauna jiran saƙo daga waje, damina kuma ba ta jira. Ka ƙirga buji, za ka san wanne ne.

Yanzu gwaji. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyi. Mai sayarwa da ya ɗumama inji kafin isowarka, akwai abin da yake rufewa. In ta tashi da bugu ɗaya ko biyu, madalla. Hayaƙi shuɗi, man inji take ƙonawa. Fari da ba ya yankewa bayan ta ɗumama, ko ruwa na shiga silinda ko injekta sun gaji. Baƙi in ta ɗauki nauyi, sau da yawa matatar iska ce ko fanfon gazwal. Buɗe murfin man inji tana aiki, in tana huro iska da ƙarfi kamar zugazugi, zobba sun tafi. Zaro sandar awon mai, in ya koma ruwan madara, gasket ne ko tsagewa. Murfin radiyeta kuwa tun tana sanyi za ka buɗe, ka duba ko ruwan yana kumfa.

Isuhu Galmi: Allah ya saka da alheri, Lawali. Ta Konnin kam na ga ɗan hayaƙi shuɗi.

Lawali Makanike: Wannan ba ya hana ciniki, rage kuɗi yake yi. Injin Perkins ana sauke shi a sake masa kaya ya dawo daidai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na baya. A ɗaura mata garma, ka ɗaga sama, ka kashe inji, ka tsaya kallo. In garmar ta sulale ƙasa nan da nan, hidirolik ya gaji. Ka sa sandar PTO ta baya, wadda ke juya na'urorin da ake ɗaura wa tarakta, ta juya, ka ji ko tana shiga ba gurnani. Ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza tayoyin gaba, ka ji wasan sitiyari. In tana da Multi-Power, wato ƙarin giyar da ke ƙara gudu ko rage shi, a gwada sama da ƙasa, don gyaransa sai an raba tarakta biyu.

Abdu Keita: Ni dai kada a kashe ta esans gaba ɗaya. Mai ƙaramin lambu da ke jan rimok jefi-jefi za ta yi masa. Tana tashi da sauƙi cikin sanyin hunturu, kuma buji da wankin kabireta ko mai gyaran babur ya iya. Gazwal in ruwa ko ƙasa ya shiga fanfo, sai mai na'urar gwaji, kuɗi kuma ba kaɗan ba.

Hajiya Ramatu: Haka ne Abdu, amma Isuhu ya ce haya zai yi. Wuni guda cikin laka da zafin Afrilu, ta esans sai ta dinga shaƙewa. Maganin fanfo kuwa tsabta ce: a bar mai ya kwanta a duro, a tace, a canza filta kan kari, a wanke matatar iska kullum lokacin ƙura.

Sani Madawa: Na sallama kan kaya da sake sayarwa. Game da farashi, ga yadda zan yi. Ka tambayi nawa ake sayar da 135 mai lafiya yau a Konni da Maraɗi, wurin mutum uku da ba su san juna ba. Sai ka cire kuɗin duk abin da Lawali ya gano: kayan inji da ladan makanike, batir, gyaran hidirolik, da tayoyin baya, waɗanda su kaɗai suna iya cinye ribar shekara. Abin da ya rage shi ne tayinka. Ka tambayi kuma kuɗin tsohuwar Massey 375 ta Pakistan, mai doki 75. In sun yi kusa, ka sake tunani, don 135 garma mai faifai biyu ce daidai ƙarfinta a ƙasa mai nauyi.

Alhaji Mamman: Kuma takardun duwan, wato kwastan. Lambar da ke jikin tarakta ta zama ita ce ke cikin takarda. A rubuta ciniki gaban shaidu. Garma da rimok suna ciki, ko ita kaɗai ce?

Isuhu Galmi: Garma tana ciki, Baba Alhaji, rimok babu. Lawali, ran Laraba za ka samu raka ni Konni? Kuɗin mota da na aikinka a kaina.

Lawali Makanike: In sha Allahu. Mu kwana can ran Talata don mu same ta da sanyin asuba. Ka ce masa ya ɗaura garmar, kuma ya nemo mana filin da za mu kafta ko na rabin awa ne.