Allunana na ski (wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara) za su yi a tsibirin Hokkaido na Japan, ko sai masu faɗi?

Ɗan Gwarinpa:
Salamu alaikum. Aiki zai kai ni Sapporo, babban birnin Hokkaido, a Janairu, abokan aikina na can kuma sun ce lallai sai mun leƙa Niseko, sanannen wurin wasan ski. Na koyi ski lokacin da nake karatu a Turai, amma duk a kan hanyar da inji ya daddaɓe. Allunana na nan a sito, faɗin tsakiyarsu milimita 76, tsawo santimita 170. Ni kuwa tsayina 178, nauyi kilo 85. In yi dakonsu daga Abuja, ko in sayi wasu?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar su a sito. Dusar ƙanƙarar Hokkaido busasshiya ce, kamar garin da aka tankaɗe, iskar Saberiya ke kwaso danshi daga Tekun Japan ta zube shi a duwatsun. Allon milimita 76 nutsewa zai yi, ka wuni kana tono kanka. Nemi mai 105 zuwa 115, wanda goshinsa ya ɗaga sama tun daga nesa, shi ke hana kan allo shigewa ƙasa. Da nauyinka, tsawo kada ya gaza 180. Ba zai yi maka tsawo ba, don ɗagaggen goshin ba ya taɓa ƙasa. Sai dai a hanya mai tauri yana da nauyin juyawa, gwiwa na jin jiki.

Kuma kada ka saya. Shagunan haya sun cika Hirafu, wani yanki na Niseko. Takalmanka dai ka tafi da su.

Rayfield_Jos:
Mu da sanyin Disamba ke korar mu ɗaki tun magariba, wai ku har kuɗi kuke biya! Allah ya kai lafiya.

Maman Sadiq:
Ni ba allon ya dame ni ba. A Niseko ta ƙofofi ake fita daga filin ski zuwa inda inji bai daddaɓe ba, in an rufe, an rufe, ba a bi ta ƙarƙashin igiya. Zaftarewar dusar ƙanƙara ba wasa ba ce, wanda ta binne in ya wuce minti 15 damar samun sa da rai na raguwa ƙwarai. Ka ɗauki na'urar gano mutum da shebur da sandar lalube, ka koyi aiki da su, ka kuma biya ɗan jagora.

Ɗan Gwarinpa:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Haya zan yi. Amma na'urar, ita ma ana ba da haya a can?